Akwatin da Ya Ara wa Baba Baki

Mahaifina makaɗin kalangu ne, kuma surutu ya yi masa yawa. Ban faɗi haka don raini ba, shi da kansa yakan ce Allah ya ba shi baki biyu, ɗaya a fuska ɗaya a hammata, in wannan ya gaji wancan ya karɓa. Ranar kasuwar Gwaram tun da sassafe yake barin Kwandiko, ya je ya tsaya a rumfar mahauta yana kiran masu sayen nama. Da damina kuma shi ne a bayan manoma wajen gayya, wanda ya yi ƙoƙari ya koɗa shi, wanda ya yi sanyi ya tsokane shi, duk da kalangu. Mutanen garinmu suna jin abin da yake faɗa sarai. Ni ɗansa ni kaɗai aka yi wa rowar kunne. Inna takan ce da ni, "Kai dai a gidan kiɗa aka haife ka, amma kunnenka na gidan maƙera ne."

Ban damu ba. Boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, na ga ai na huta da bin mahauta cikin rana. Bayan yaƙin basasa, a shekarun da kuɗin man fetur ya fara zubowa, na sami aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata makarantar sakandare ta kwana a Birnin Kudu. Lokacin duk muna cikin jihar Kano. Aka ba ni ciki da falo a bayan makaranta, na ɗauko matata muka tare. Aikina wanke kwalabe, jera kayan aiki, da hana 'yan makaranta ƙona kansu. Gwamnati kuwa sai aiko mana da kayan kimiyya take yi akwati-akwati, wasu mu san amfaninsu, wasu kuma sai dai mu gaishe su da safe mu wuce.

Malamin da nake aiki a ƙarƙashinsa Ba'indiye ne, siriri mai tabarau, ba ya cin nama, abin da ya sa na daɗe ina tausayinsa. Ni zuciyata a kusa take, shi kuwa ko ƙafa ka taka masa shi zai ba ka haƙuri. Ban san yadda aka yi muka shaƙu ba. Mutum ne da sauti ya haukata. Ran Lahadi sai ya ɗauki ɗan dutse ya hau duwatsun nan na gefen gari yana ƙwanƙwasa waɗanda ke amo kamar kuge, ya dawo yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Wata rana bayan an tashi daga aji na ji wani kuka daga ɗakin ajiya, na rantse ɗan akuya ne ya maƙale a bayan kabad. Na shiga da sanda, sai na tarar da Malam zaune gaban wani akwatin katako da bai fi rediyo girma ba, ga dalma ga wayoyi ko'ina. Shi ya haɗa abinsa, rabi da kayan da ya sa aka aiko masa, rabi da hanjin matattun rediyoyi, kafintan makaranta ya yi masa gida. Ya ce sunansa sintesaiza. Na ce sunan ya fi shi girma. A fuskar akwatin akwai abubuwan murɗawa a jere, ni kunnuwa na sa musu suna, don ka murɗa ɗaya sai ihu ya tashi.

Ya kama yatsana ya ɗora a kan takardar lasifika. Ya murɗa kunnen farko can ƙasa, na ji takardar tana turo yatsana tana komawa, a hankali, kamar bugun zuciya. Ya ce abin da ke wannan aiki a cikin akwatin shi ake kira osileta, wato wutar lantarki ce aka hana ta wucewa, tana zuwa tana komowa ba hutawa. Ya ci gaba da murɗawa. Bugun ya yi sauri har ya haɗe ya zama gurnani, gurnanin ya zama muryar namiji, ya zama ta mace, ya wuce ya zama kukan sauro. Daga nan na daina ji, amma karen mai gadi ya tashi ya bar gindin taga. Malam ya ce babu abin da ya canja in ban da sauri. In karkarwar ta yi sauri murya ta hau, in ta lafa murya ta sauka.

Kunne na biyu shi ke zaɓen siffar karkarwar. Muna da wata na'ura mai gilashi kamar 'yar talabijin, wadda ke zana sauti da koren layi. In layin ya tashi ya sauka sumul, kamar kunyoyin gona bayan ruwa ya dake su, sai ka ji sauti mai laushi irin na sarewa. In ya yi haƙoran zarto sai sautin ya yi kaifi ya cika ɗaki, algaita sak. Akwai kuma mai kusurwa, shi sautinsa rami gare shi a ciki, ka ce wani ke magana cikin tulu. Hawan muryar bai canja ba, amma kowace siffa da halinta.

Na ukun ne ya ba ni haushi. Da ya murɗa shi babu abin da ya fito sai shuuu, irin na rediyo in ta ɓatar da tasha. Na ce, "Malam, wannan ya lalace." Ya ce da gangan ya lalata shi. Wata 'yar aba ce ta cikin rediyo, taransista, ya juya wa ƙafafu, ya tilasta wa wuta ta bi ta inda ba hanyarta ba, ita kuma take wannan huci. A gilashi babu layi, sai wani abu kamar ciyawa yana rawa. Ya ce huci ba shi da murya ɗaya, domin manya da ƙananan muryoyi ne duk suke fita lokaci guda. Sai ya tura shi cikin wani sashe da na sa wa suna rariya, don aikinsa ke nan, ya tare wani ya saki wani. Ya rufe rariya, hucin ya zama iskar hadari daga nesa. Ya buɗe, ya zama ruwa a kan kwano. Ya datse shi gajere-gajere, ya zama caki. Ya ce in faɗi "sannu" a hankali in saurari bakina, farkonta huci ne, sauran murya. Na faɗa na ji gaskiyarsa, na kuma ji haushin shekara da shekaru ina gaida mutane ban san da haka ba.

Hausarsa kuwa sai dai a yi shiru. Kalmomin ya sani, amma shimfiɗe su yake kamar tabarma. Ranar da ya ce wa matata yana son miyar kuka, ya faɗe ta kamar kukan da ake yi da hawaye, ta shige ɗaki tana dariya. Na yi ta gyara masa a banza. Sai da ya zauna gaban akwatinsa ya sa ni ina maimaitawa, yana bin muryata da kunnen farko. Sama da sama, na hawaye. Sama da ƙasa, ta miya. Akwatin ya faɗi duka biyun daidai. Na ce masa abin kunya ne akwati ya riga ubangidansa iya Hausa, na kuma gaya masa wannan abin da yake wa murna shi ne sana'ar ubana tun kafin a haife ni. Ya ce lallai wata rana sai in kai shi ya gan shi.

Ba mu kai ga zuwa ba. Ana tsakiyar girbin dawa aka aiko mini cewa Baba ya faɗi a rumfar mahauta da kalangu a kafaɗa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Muka kawo shi asibiti a Birnin Kudu, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu da alheri. Da aka sallame shi aka ce a riƙa dawo da shi ana dubawa, don haka na ajiye shi a falona. Inna ta koma Kwandiko, don amfanin gona na zube a waje, ga gwiwarta ba ta son hanya.

Hankalinsa garau yake. Duk abin da aka faɗa yana ji, ka gani a idonsa. Amma in ya buɗe baki sai wani nishi ya fito da miyau, matata ta goge masa, shi kuma ya rufe ido don kunyar suruka. A hankali ya daina gwadawa. Yakan nuna ƙofa da hannun hagu, mu ɗauke shi mu kai shi inuwar darbejiya, ya girgiza kai. Mu kai shi bayan gida, ya harare mu. Mu dawo da shi, ya juya wa bango fuska. Na sa aka kawo kalangunsa, na ce shi ya matsa tsirkiya ni in buga. Hannun mutum biyu bai san zuciyar juna ba, balle ɗayan nawa ne. Ya ture kalangun da gwiwar hannu, daga ranar kuma abinci ya fara komawa yadda aka kawo shi.

Ba mutuwarsa nake tsoro ba, wannan kowa na kan hanya. Tsorona shi ne akwai magana a cikin mutumin nan, tana cinsa, kuma zai tafi da ita kabari ba wanda ya ji. Nakan koma ɗakin gwaje-gwaje in yi ta faɗa da kwalaben da ba su yi mini komai ba.

Malam ya zo dubiya da lemo a hannu. Ya durƙusa ya gaida Baba da shimfiɗaɗɗiyar Hausarsa, ya zauna ya daɗe. Ni na ɗauka kara ce ta hana shi tashi, ashe kallon hannun Baba yake. Yatsun hagu suna kan haƙarƙari, suna matsawa suna saki, suna jan tsirkiyar da babu ita. Da muka fito ya tambaye ni, "Wane hannu ke bugu, wane ke hawa da sauka?"

Na ce, "Dama ke riƙe gula, sandar bugu, hagu ke matsawa."

Ya ce, "To ai mai maganar shi ne da rai."

Kashegari na same shi ya farke cikin akwatin. Ya aike ni wurin mai gyaran keke in samo hannun birki da wayarsa, in biya wurin masu babur in samo maɓallin hon. Ya ɗaure wayar birkin a kunnen farko, ya sa roba tana mai da shi baya, yadda in ka matsa birki murya ta hau, in ka saki ta sauka, kamar dai kalangu. Maɓallin hon kuwa ya kafa shi a kan katako, don babban yatsan ƙafar hagu ya riƙa takawa a madadin gula. Ya kuma gyara yadda sautin ke fita. Maimakon ya riƙa ja kamar busa, sai ya faɗo da ƙarfi ya mutu da wuri, don haka fata ke yi in an buge ta. Muka jera batiran tocila a ciki muka ɗauka zuwa gida.

Baba ya dubi akwatin kamar an shigo masa da kare ɗaki. Na sa masa birkin a hannu, na ɗora ƙafarsa kan katako. Ya taka. Malam ya bar abin a kan haƙoran zarto, ya yi wata ƙara, Baba ya yamutsa rabin fuskar da ke yamutsuwa. Malam ya koma mai kusurwa, Baba ya girgiza kai. Malam ya koma mai laushin, ya saukar da muryar ƙasa, ya ɗan rufe rariya. Baba ya tsaya yana saurare. Sai Malam ya ɗiga ɗan huci a bakin kowane bugu, kaɗan, kamar gishiri a miya, don a ji saukar gula. Baba ya ɗaga gira. Ba su da yare ɗaya su biyun, amma haka suka yi ta ciniki da ido har suka daidaita.

Baba ya matsa, ya saki, ya taka, yana laluben inda sama take da inda ƙasa take. Can sai abin ya miƙe. Kiran mahauta ya kaɗa, wanda ko ni na sani, mai cewa an yanka, nama ya sauka. Ya kaɗa ya maimaita, har matar kukun makaranta ta leƙo ta katanga da kwano a hannu tana tambayar ina ake sayarwa. Matata ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka. Ni fita na yi, don ban so Baba ya ga fuskata ba.

Da na dawo ya daina wasa. Ya kafe ni da ido ya yi bugu biyu, duka a sama, na farko gajere, na biyu da ɗan ja.

Matata ta ce, "Ruwa yake so." Ta kawo. Ya kurɓa don kada ta ji kunya, ya sake bugawa.

Na ce, "Fura ce." Aka dama. Ya kau da kai, ya sake.

"To ko tuwo, Baba?"

Ya rufe ido. Malam ya tambaya ko akwatin ne ya yi kuskure. Na ce akwati lafiya lau, Hausa ce ta yi mana tsiya. Ruwa, fura, tuwo, wuta, ka faɗe su a bakinka ka ji, duk hawansu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Baki yana raba su da leɓe da harshe, kalangu kuwa ba shi da ko ɗaya.

Wannan ya hana Malam sukuni. Ya ƙara wani ɗan maɓalli a jikin birkin, daidai inda babban yatsa ke kwanciya, wanda in an danna sai huci ya fito shi kaɗai. Kafin la'asar Baba ya gane kan abin. Ya danna huci, ya biyo da bugu biyun, ya dubi matata. Ta ce, "Fura!" Ya yi dariya da rabin baki, ya kuma sha. Da hucin nan ya koyi korar kaji da tsawata mini. Amma waccan kalmar tana nan, wadda ba huci a gabanta, kuma ba ruwa ba ce, ba tuwo ba. Kullum sai ya buga ta, ya biyo ta da wata doguwar jela ta kiɗa. Mu kuwa muka ɗauka jelar ado ce, irin ta makaɗin da ya ga hannunsa ya dawo, har tafi muke masa. Yakan dube mu ya saki birkin, ya koma ga bangonsa.

Ranar da Inna ta sami mota ta zo, tana bakin ƙofa ko sallama ba ta gama ba ya buga mata. Ta tsaya da ƙullin kayanta a ka, ta saurara har ƙarshen jelar, sannan ta dube ni.

"Kai, tun yaushe yake faɗin wannan?"

"An kwana biyu, Inna. Mun ba shi ruwa, mun ba shi fura."

"Ruwan me? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi yake ta gaya muku. Gida yake so! Ku sai ku kama kai ku bar jela?"

Ta ajiye kayanta ta yi mini bayanin da ya kamata in sani tun ina yawo ba wando. Makaɗi ya san kalma ɗaya a kalangu tana da 'yan'uwa da yawa, shi ya sa ba ya barinta ita kaɗai, sai ya haɗa ta da karin magana ko kirarin da kowa ya sani. Baba yana kwance yana gyaɗa kai, hawaye na gangara masa cikin kunne.

Na tayar da gardama, halina ne. Na ce asibiti na nan, hanyar Gwaram duk gargada, in ya sake faɗuwa fa? Inna ta ce, "An tambaye ka?" Likitan da ke duba shi ma ya ce abin da za su iya sun yi, a kai shi inda ransa ke so, a dai riƙa ba shi magani. Saura abu ɗaya da na kasa furtawa, akwatin ba nawa ba ne. Mutum ya daɗe yana haɗa abinsa, ka ce ya ba ka ka kai ƙauye? Ina ta juya yadda zan fara, ran Asabar da safe sai ga Malam ya tsaya a ƙofata da 'yar motarsa mai kama da kunkuru. Ya shigo ya naɗe akwatin da bargo da hannunsa, ya sa a baya tare da kwali guda na batir. Ya ce shi zai kai mu.

Mun isa Kwandiko da hantsi. Kafin mu shimfiɗa tabarma a ƙofar gida gari ya taru, rabi don Baba, rabi don kallon Ba'indiye. Aka jingina shi da bango, aka sa masa birki a hannu. Da sautin farko ya fita wata tsohuwa ta ja da baya tana a'uziyya. Sai ya fara gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da takensa, wato ɗan kiɗan da ya yi wa kowane manomi da mahauci tun suna samari. Wanda aka buga nasa sai ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Ƙatti da furfurarsu suna share ido da hula. Na ce a raina alhamdu lillahi, maganar da ke cinsa ta fito.

Ashe da saura. Ya tsagaita, ya dubi wani gida da ke tsallaken hanya, ya buga wani abu gajere mai tsalle-tsalle. Masu jinjina suka sauke hannu. Ya sake bugawa da ƙarfi. Baffana, ƙanen Baba, ya sunkuyo ya ce da ni, "Cire masa abin nan. Ciwon ya taɓa masa kai."

Na tambayi Inna me yake cewa. Ta ce a hankali, "Ya bar kunya, ya ɗauki kunya."

Zambo ne, kuma yana da mai shi. Tun suna samari, a wata gayya, wani manomi ya ajiye garma a tsakiyar kunyar da yake nomewa, ya tafi gida bai ce wa kowa komai ba. Baba ya raka shi da wannan kiɗan, jama'a ta kwashe da dariya. Abin ya bi shi. Yara suka mai da shi waƙa, 'yan mata suka sa shi a gaɗa, har jikokinsa an tsokana da shi. Sai daga baya aka ji ƙaba ce ta taso masa a ranar, nauyin faɗa ya sa ya yi shiru. Baba ya ji labarin ya daina kaɗa zambon, amma bai taɓa taka ƙofar mutumin ba, shi kuma bai sake zuwa gayyar da Baba ke kiɗa ba. Gidajensu na kallon juna, suka tsufa ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar fatar baki.

Na kai hannu zan zare waya, Baba ya danna mini huci, na janye. Ya sake bugawa. Sai ga mutumin ya fito daga zaurensa, dogo, ya rankwafa, da lauje a hannu don daga yankan ciyawa yake. Mutane suka buɗa masa hanya. Ya tsaya a kan Baba.

"Ko ciwon bai ishe ka ba? Sai da ka aro baki daga Indiya ka zo ka ƙarasa ni?"

Baba ya dube shi. Ya ɗauke babban yatsa daga maɓallin huci. Ya saki birkin ya taka, ya matsa ya taka, ya sake takawa, ya saki ya taka. A hankali, ƙasa, sama, sama, ƙasa: yafe mini. Ya biyo da jelar da ko yaro ya sani, don Allah, don Annabi.

Ba wanda ya fassara masa, ba ya kuma bukata. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana kasa kunne ga kalangun Baba don ya ji ko da shi ake, duk garin ba wanda ya kai shi jin sa. Laujen ya sauka a hankali.

Ya ce, "Sake."

Baba ya sake.

Inna ta ce wa mai laujen daga bakin zaure, "Malam, yi haƙuri da kiran. Ba shi da wani sunanka a kalangu sai wannan. Da me zai kira ka?"

Mutumin ya ajiye laujen. Sannan ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗauki hannun Baba na dama, shanyayyen, wanda ya riƙe gula a waccan gayyar, ya riƙe shi da hannu biyu. Ya ce, "Na yafe maka, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini, na sha yi maka mugun fata."

Malam yana tsaye gefen motarsa, bai fahimci ko kalma ɗaya ba. A hanyar komawa na yi masa bayani da guntun Turancina, ya tsayar da mota a gefen hanya, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Bai karɓi akwatin ba, ko da kwantiraginsa ya ƙare zai koma ƙasarsu. Ban san ko yana raye ba. Addininmu ba ɗaya ba, abincinmu ba ɗaya ba, amma ya zauna ya dubi hannun ubana har ya ga akwai magana a cikinsa, ya farke abin da ya fi so a duniya ya ba shi ya faɗe ta. Har gobe ina gode masa, ina kuma gode wa Allah da ya jefo shi Birnin Kudu a lokacin da muke bukatarsa.

Baba ya ƙara ganin damina, ya ga wata kakar. Ni ina wurin aiki, sai ƙarshen mako nake zuwa da batir. Duk zuwan da zan yi mutumin tsallaken hanya nake tararwa a gefensa. Shi ke fito da shi inuwa da safe, shi ke juya shi, shi ke fassara wa baƙi abin da akwatin ya ce, wani lokaci har musu suke yi, wannan da baki wancan da birki. Ranar da Allah ya karɓi ran Baba, kafin saƙo ya same ni in iso an riga an shirya shi. Na tambayi Baffa wa ya yi masa wanka. Ya nuna mini tsallaken hanya.